A Bar Yara Su Ninka Jirgin Takarda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu masu karatu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, musamman a wannan lokaci da tsadar rayuwa da matsalar tsaro suka cika shafukan jaridu da bakunan mutane a nan Jihar Katsina. Abin da nake nufi shi ne jirgin takarda, wato wanda yaro yake ninkawa da hannunsa ya cilla, wanda kuma a yawancin gidajenmu da makarantunmu ladan mai yin sa bai wuce tsawa ko bulala ba. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki, kuma ina cikin waɗanda suka yi wannan dukan, saboda haka ba daga gefe nake magana ba.

A hutun ƙarshen zangon farko da ya wuce, cikin sanyin hunturu, ina zaune a zaure bayan La'asar sai na ji kuka daga cikin gida. Da na shiga, na tarar da jikana ɗan aji huɗu na firamare, uwarsa ta riƙe masa kunne da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana nuna masa littafinsa na lissafi da ya cire wa tsakiya. Da ta gan ni ta sake shi, ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, littafi na uku ke nan tun da aka koma makaranta, kuma ka san kuɗin littafi yanzu.” Gaskiyarta ce, ban kuwa musa mata ba. Amma da na ɗauki abin da ya ninka na duba, sai na ga an yi shi da kula, gefe da gefe sun hau juna daidai, kuma da na cilla shi sai ya ratsa tsakar gidan tun daga bakin rijiya har ƙofar madafa bai karkace ba.

A nan ne na tuna da wani yaro da na koyar a farkon shekarun 1980, a wata makarantar ƙauye da ke kan hanyar Daura. Ina rubutu a allo sai wani jirgin takarda ya taso daga layin ƙarshe na ajin, ya wuce ta saman kawunan yara a hankali kamar wanda ake ja da zare, ya sauka a kan teburina. Na nemo mai shi na yi masa bulala shida a gaban 'yan'uwansa, na yayyaga jirgin na zuba a kwandon shara. Abin da yake damuna har yau shi ne a makon nan ɗin nake koya musu darasi a kan iska, ina ta faɗa musu da baki cewa iska tana da nauyi kuma tana iya tura abu, suna ta haddacewa ba tare da sun ga komai ba, alhali ga yaro ya kawo mini hujjar darasin har kan tebur, ni kuwa ban tambaye shi ko sau ɗaya yadda ya yi abin ya tafi a miƙe ba. Horo a kan wasa cikin aji daidai ne, amma da na hore shi sai in ce ya fito ya nuna mana ninkin.

Mu da muka taso a birnin Katsina kafin zuwan talabijin gidaje, hannunmu bai taɓa zama banza ba. Bayan girbi mukan feƙe ɓawon karan dawa mu soka a totuwa mu ƙera mota har da ƙofofi, da damina mu gina shanu da yumɓu, waɗanda suka fi mu wayo kuma su yanka gwangwanin madara su yi motar langalanga mai taya huɗu da take tafiya da gaske. Ba wanda ya kira wannan ilimi, amma da yawan makanikai da masu walda da kafintocin da ake ji da su a garin nan daga can suka fara. Yau kara ya yi nisa da yaron birni, gwangwani kuma 'yan jari-bola sun riga shi, abin da ya rage a hannunsa shi ne wayar uwarsa, in akwai caji. Takarda kaɗai ce har yanzu take ko'ina, kuma ba ta bukatar wuƙa ko almakashi ko wutar lantarki.

Maganar surukata ta kuɗin littafi ita ce ta fara sa ni neman mafita. Na je wurin wani mai shagon fotokwafi a unguwarmu na roƙe shi takardun da suka lalace wajen bugawa, ya ba ni dami guda kyauta, domin da ma masu ƙosai da masu tsire ne suke kwashe su. Irin wannan takarda, wadda ake kira A4, ita ce ta fi dacewa da aikin. Tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210, kuma lambar 80 da ake rubutawa a jikin ƙunshinta tana nufin murabba'in mita ɗaya na takardar yana da nauyin giram 80. Da yake falle 16 ne suke cika murabba'in mita, nauyin falle ɗaya giram 5 ke nan, lissafin da jikana ya yi da kansa a ƙasa da tsinke, shi da ake cewa ba ya jin lissafi. Kwali ya yi nauyi kuma ba ya ninkuwa, takardar littafin rubutu tana yi amma ba ta daɗewa, takardar jarida kuwa, Edita ya yi mini afuwa, ta cika laushi, fikafikanta sukan faɗi tun kafin jirgin ya bar hannu. Lokaci ma yana da tasiri, domin da damina takarda tana shan laima ta yi sanyi, da hunturu kuwa takan bushe ta yi ƙarfi ta riƙe ninki.

Sharaɗi na farko da na kafa wa yaran, kafin kowa ya taɓa takarda, shi ne a duba gabanta da bayanta. Duk wadda take ɗauke da ayar Alƙur'ani ko hadisi ko sunan Allah ba a wasa da ita, domin jirgi ƙasa yake sauka, wani lokaci ma a kwata. Wannan ya sa suka koyi karanta takarda kafin su ninka, ribar da ban yi tsammani ba. Sharaɗi na biyu shi ne ba a cire ko falle ɗaya daga littafin makaranta, na uku kuma duk wanda ya cilla shi zai tsince kafin Magariba.

Ninkin da kowane yaro ya sani shi ne mai tsini kamar kibiya, wanda yake da gudu amma ba ya daɗewa a sama, ga shi kuma yana da haɗari ga ido. Wanda na fi so in koya wa yara shi ne wanda muke kira mai makulli, kuma ga yadda ake yin sa ga duk mai son gwadawa. A ajiye takarda a tsaye a kan abu mai santsi, kamar faranti ko bayan allo, a ninka ta biyu ta tsawo sannan a buɗe, don a sami layi a tsakiya. A kamo kusurwoyin sama guda biyu a kawo su kan layin, kan takardar ya yi tsini kamar rufin bukka. A kwantar da wannan tsinin gaba ɗaya zuwa ƙasa, takardar ta koma kamar ambulan da aka rufe. A sake kamo sababbin kusurwoyin sama a haɗa bakinsu a kan layin tsakiya, amma a ɗan sama da tsinin da aka kwantar, yadda wani ɗan harshe zai leƙo daga ƙarƙashinsu. Wannan harshen shi ne makullin, sai a ɗaga shi sama a danne kusurwoyin da shi. Daga nan a ninka jirgin biyu ta baya, makullin yana waje, sannan a sauko da kowane fiffike har gefensa ya yi daidai da ƙasan jikin jirgin. Kowane ninki a bi shi da farce har ya fito kamar karin guga, kuma kada a yarda wani gefe ya ɗara ɗan'uwansa ko da kaurin tsinke, domin iska ba ta yafe irin wannan.

Amma ninki ba shi ne inda karatun yake ba. Karatun yana farawa ne bayan cillawa ta farko, domin da wuya sabon jirgi ya tashi daidai, kuma a daidai wannan wurin ne yawancin yara suke murƙushe takardar su ce ba ta da kyau, su nemi wata. Abin da na hana ke nan. Na ce kowa takarda ɗaya zai samu a rana, in jirginsa ya ƙi, ya zauna ya gano dalili.

Jikata mai shekara takwas, wadda muke wasan jika da kaka da ita har take kirana angonta, ita ce ta fara kama abin. Jirginta yakan bar hannu ya kifa kai ya caki ƙasa taku biyu daga inda take tsaye, sau biyar yana yin haka, 'yan'uwanta maza suna ta yi mata dariya. Ta kawo mini shi idonta cike da ƙwalla ta ce, “Ango, naka jirgin ka ba ni, wannan maye ne.” Na ce mata, “Amarya, ba na ba da jirgi, sai dai shawara. Kama gefen bayan fikafikan nan biyu, ki ɗan lanƙwasa su sama da farce, kaɗan kawai.” Ta lanƙwasa su da yawa, sai jirgin ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak kamar dokin da aka ja wa linzami, ya faɗo, ya sake ɗagawa, ya sake faɗowa. Ban ce mata komai ba. Ta tsaya tana kallonsa a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ta ɗauka ta rage lanƙwasar da kanta, ta cilla a hankali, jirgin ya miƙe ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ya sauka a kan tabarmar kakarta da take tsince shinkafa. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya.

Abin da yarinyar nan ta gano da yatsunta shi ne abin da ake koya wa masu koyon tuƙin jirgi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Abubuwa huɗu ne suke kokawa a kan duk wani abu mai tashi: nauyinsa da yake jan sa ƙasa, ɗagawar da fiffike yake samu, turin da yake kai shi gaba, da turjiyar iska da take rage masa gudu. Jirgin takarda ba shi da inji, turinsa daga hannu ne kawai a lokacin cillawa, daga nan kuma nauyinsa ne yake tafiya da shi gaba, kamar mai keken da ya daina taka feda a gangare. Ɗagawa kuwa duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san ta, domin da ya ɗan karkata tafin sama sai iska ta ɗauke shi. Yawan ninkin da ake tarawa a gaba shi ne yake sa nauyin jirgi ya taru kusa da hanci, wanda shi ke hana shi juyawa a sama kamar ganyen darbejiya, sai dai kuma nauyin yana son kifar da kan, shi ya sa ake lanƙwasa bayan fikafikai don iska ta danne jela, hanci ya tashi. In jirgi yana karkata dama, a fara duba ko fikafikan sun yi daidai, in sun yi sai a ƙara ɗaga gefen bayan fiffiken hagu kaɗan. In kuma yana birkicewa yana murɗawa, a dube shi ta baya, a tabbatar bakin fikafikan ya ɗan fi jikin jirgin tsayi. Wannan na ƙarshen ban sha wahalar bayaninsa ba, domin muna kiwon tantabaru, kuma duk yaron gidan ya ga yadda tantabara take ɗaga fikafikanta sama ta tsaida su in za ta sauko kan katanga.

Tsuntsaye da ma su ne malaman farko a wannan fage. Duk wanda ya tsaya kusa da mayanka ya kalli shirwa tana shawagi zai ga fikafikanta a shimfiɗe suke, jelarta ce take murzawa dama da hagu tana juya ta. Masana tarihi sun ruwaito cewa Abbas ibn Firnas, malamin nan na birnin Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu a shekarar 887 Miladiyya, ya ɗaura wa kansa fikafikai ya tashi har ya yi ɗan nisa, amma ya ji rauni a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa jela ba. Da na ba yaran wannan labari sai jikan nawa ya ce ai da ya fara gwadawa da takarda da bai ji ciwo ba, kuma ban ga abin da zan gyara a maganarsa ba. Su kuwa Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan biyu masu shagon kekuna a garin Dayton na Amurka, mahaifinsu ne ya kawo musu wani ɗan abin wasa mai tashi a 1878, wanda aka yi da takarda da gora da zaren roba, suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Da suka girma, a 1901, sun haɗa akwatin katako da suke hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200 ɗaya bayan ɗaya suna rubuta abin da suka gani, kafin jirginsu mai inji ya tashi ranar 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ya yi, nisansa kuma bai wuce mita 37 ba. Shekara 22 kacal bayan haka, a 1925, jiragen sojan Ingila suka sauka a Kano.

Wani abokina da muka yi aiki tare, da ya zo ya tarar da ni a tsakar gida ina auna ƙasa da taku, ya ce tsufa ya fara taɓa ni, wai wannan wasan yara ne. Na gaya masa akwai manya masu digiri da suke yin sa a bainar jama'a har a rubuta sunansu a kundin bajinta na Guinness. A 2010 wani Bajapane mai suna Takuo Toda ya cilla jirgin takarda ya yi daƙiƙa 29.2 a sama, wato fiye da ninki biyu na tashin farko na 'yan'uwan Wright. A 2012 a Amurka, John Collins ya ninka jirgi, wani ɗan wasa mai ƙarfin dantse da ake kira Joe Ayoob ya cilla masa, ya yi mita 69.14, abin da yake nuna gwanin ninki daban, gwanin jifa daban. A watan Disamba na 2022 kuma wani matashin injiniyan jiragen sama, Dillon Ruble, tare da abokansa biyu, suka kai mita 88.3. Wanda ya san filin wasa na Muhammadu Dikko ya ƙiyasta mutum ya tsaya a bakin raga ya cilla falle ɗaya na takarda ya wuce tsakiyar fili ya kusa shiga da'irar mai tsaron gida na ɗaya ɓangaren. Abokin nawa bai ce ya yarda ba, amma kafin ya tafi ya nemi in ba shi falle biyu.

Kafin hutun ya ƙare, yaran da suke taruwa a ƙofar gidana bayan sun taso daga Islamiyya sun kai goma sha, maza da mata. Mun ja layi a ƙasa da gawayi, kowa ya cilla sau uku, a auna da igiyar da muka ƙulla wa ƙulli a kowace mita, a haɗa a raba uku a sami matsakaici. Masu son daɗewa a sama kuma a duba musu da agogon waya. Wani ya gano cewa cillawa da ƙarfi ba ta yi wa mai makulli amfani, sai a hankali kamar mai miƙa wa babba abu. Wata ta gano cewa in ta tsaya a kan dakali mai tsayin mita ɗaya ta saki jirgi, za ta iya kwatanta nisan da ya yi da tsayin da ya sauko, ta san wane ninki ne ya fi iya shawagi. Dokokinmu kaɗan ne: ba a nufin fuskar kowa, ba a cillawa wajen murhu, kuma in jirgi ya faɗa titi babba ne yake ɗaukowa, domin masu babur na unguwarmu ba sa jira.

Roƙona ga iyaye shi ne in an kama yaro ya yagi littafi a yi masa faɗan littafin, amma a nemo masa tsohuwar takarda a ba shi, in da hali uba ko yayansa ya zauna da shi ko na minti goma, kuma in jirgin ya ƙi tashi kada a karɓa a gyara masa, a tambaye shi abin da ya gani. Kada kuma a ce wasan maza ne a kori mata, domin a gidana mace ce take riƙe da kambu. Ga 'yan'uwana malamai, musamman na kimiyya da lissafi a firamare da ƙananan sakandare waɗanda kullum kukansu shi ne babu ɗakin gwaji, ina ba da shawarar a ware darasi ɗaya a zango a fita fili da tsofaffin takardun jarrabawa da suka cika ofishin hedimasta, a yi awo da ƙiyasi da rubuta sakamako. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ma tana iya saka gasar a cikin wasannin makarantu ba tare da ta nemi ƙarin kasafi ba, kuma ina ganin malamai da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Jami'ar Sufuri ta Daura ba za su ƙi zuwa alƙalanci ba in an gayyace su. Yaranmu suna ɗaga kai duk shekara suna kallon jirgin alhazai yana tashi daga filin jirgin Katsina, ya kamata a sami wanda zai gaya musu abin da yake riƙe shi a sama.

Surukata ta daina ɓoye littattafai, yanzu ma ita take ajiye mana takardun da suka shigo gida bayan ta duba su. Wanda ya fi kowane nisa a wurinmu ya yi mita 14, na amaryata ne, kuma yana nan maƙale a reshen darbejiyar maƙwabcinmu tun ranar da iska ta ɗauke shi, mun hana kowa hawa, muna jiran ya faɗo da kansa mu warware shi mu ga yadda ta ninka.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Marusa, Katsina.